Tambaya da Amsa: Kwale-kwalen Kankare da Gasar Ɗaliban Injiniya

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon sun karkata ne ga batu guda, wato gasar da ɗaliban injiniyan gine-gine suke yi a Amurka da wasu ƙasashe, inda suke ƙera kwale-kwale da kankare, su shiga cikinsa, su yi tsere a kan tafki. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran masu tambaya, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare a Gusau. Ɗalibaina sun nuna mini hoton bidiyon waɗansu matasa suna tsere a cikin kwale-kwalen da aka ce na kankare ne, suka tambaye ni abin da ya hana shi nutsewa. Shin kankare ne na gaske, ko kuwa roba ce aka shafa wa siminti?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kankare ne na gaske, kuma alƙalan gasar suna bin diddigin duk abin da aka zuba a cikin kwaɓin, don haka babu damar a ɓoye roba a ƙarƙashin shafe. Abin da za ki fara nuna wa ɗalibanki shi ne cewa tsayawar abu a saman ruwa ba ta dogara ga kayan da aka yi shi da su kaɗai ba, ta dogara ne ga yawan ruwan da abin yake turewa idan an ɗora shi. Wannan ƙa'ida ana jingina ta ga Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. Abin da ya gano shi ne ruwa yana tura duk abin da aka tsoma a cikinsa zuwa sama, da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya kawar daga wurinsa. Shi ya sa allura take nutsewa nan take, amma kwanon sha na ƙarfe, wanda ya ninka ta nauyi sau da yawa, yake zama a saman ruwan randa ba ya ko gezau, domin faɗinsa da zurfinsa sun ba shi damar ture ruwan da ya kai nauyinsa tun kafin ruwan ya kai bakinsa.

Lissafin ba shi da wuya, kuma za ki iya yin sa a kan allo. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Lita 1 ta kankaren da ake gini da shi ta kai kilo 2.4, ta ƙarfe kuwa wajen kilo 7.8, amma duk da haka manyan jiragen dakon kaya da ke ratsa teku da ƙarfe ake ƙera su. A ɗauka cewa kwale-kwalen yana da nauyin kilo 100, sannan matuƙa 4 sun shiga, kowannensu kilo 70. Jimilla kilo 380 ke nan, saboda haka abin da ake bukata shi ne gangar jikin kwale-kwalen ta ture lita 380 ta ruwa. Kwale-kwale mai tsawon mita 6 da faɗin wajen santimita 70 yana ture wannan adadi tun bai lume a ruwa fiye da taƙi guda ba, ga kuma sauran bango a sama yana tare igiyar ruwa. Ashe ko da kankaren gini aka yi shi, zai iya tsayawa a saman ruwa.

Akwai sharaɗi na biyu da gasar Amurka ta gindaya, wanda ya fi na farko tsanani. Kafin a bar kowane kwale-kwale ya shiga tsere, sai an cika shi da ruwa maƙil, an danna shi ƙasa, sannan a sake shi a ga ko zai taso. A wannan hali siffa ba ta da sauran amfani, tunda ruwa ya maye gurbin iskar da ke cikinsa. Ɗaliban suna tsallake wannan gwaji ta hanya biyu: su haɗa kankaren da lita 1 tasa ba ta kai kilo 1 ba, wato wanda ya fi ruwa rashin nauyi, ko kuma su binne soso mai tauri a goshin kwale-kwalen da bayansa, su rufe shi da kankare. Da yawa suna haɗa biyun. An sa wannan sharaɗi ne don kare rayukan matuƙa, don kuma kada a bar tarkace a ƙasan tafkin mutane.

Sai dai ina so ki gaya wa ɗalibanki cewa hana shi nutsewa shi ne mafi sauƙin aikin. Abin da ke hana waɗannan matasa barci shi ne yadda za su hana shi tsagewa, kuma tambaya ta gaba a kan haka take.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni magini ne a Katsina, na daɗe ina zuba dakin, wato rufin kankare, da ginshiƙi. A sanina kankare sai da tsakuwa da rodi da kauri. An ce mini bangon wannan kwale-kwale bai fi kaurin yatsa ba. Wane irin kwaɓi ne wannan, kuma me ya hana shi rugujewa idan mutum ya durƙusa a ciki?

Amsa: Barka kadai, Malam. Wanda ya gaya maka bai yi ƙari ba, domin kaurin bangon yakan kasance wajen rabin inci ne, wasu ma ba sa kai haka. Ka riga ka san asalin matsalar daga aikinka, ko da ba a taɓa rubuta maka ita a takarda ba. Kankare gwani ne wajen jure danni, amma rago ne wajen jure ja, har ƙarfinsa na jure ja bai fi kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsa na jure danni ba. Wannan ne dalilin da ya sa kake shimfiɗa rodi a ƙasan dakin, inda kankaren yake miƙewa idan nauyi ya hau, kake kuma mayar da shi sama idan ka zo kan baranda mai fitowa waje ba tare da ginshiƙi ba.

Wahalar kwale-kwale ita ce ba ya lanƙwasa ta fuska ɗaya kamar dakin. Idan matuƙa 2 suka zauna, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suna danna ƙarshensa biyu ƙasa alhali ruwa yana tura tsakiyarsa sama, sai leɓensa na sama ya miƙe yana neman tsagewa. Idan aka fito da shi aka ɗora a kan matattara biyu don baje koli, sai lamarin ya juye, tsakiyar ta nemi lotsawa, ƙasansa ne kuma yake miƙewa. Ga gwiwar matuƙi da take tattara nauyin mutum guda a wuri ɗan ƙanƙane tana neman huda ƙasan. Ga kuma tafiyar ɗaruruwan kilomita a bayan mota zuwa wurin gasa, wadda ta sha tsaga kwale-kwale tun bai taɓa ruwa ba. Dole ɗaliban su lissafa kowane ɗaya daga cikin waɗannan halaye kafin su kwaɓa ko da fanteka guda.

Game da kwaɓin, babu tsakuwa a ciki, kuma yashin da ka sani ma kaɗan ne ko babu. A madadinsu ana zuba ƙwayoyi marasa nauyi: gilashin da aka niƙa aka gasa har ya kumbura ya zama ƙananan ƙwallaye masu iska a ciki, da wasu ƙwayoyin gilashi masu rami a tsakiya waɗanda saboda ƙanƙanta ido yake ganinsu kamar gari, da laka ko dutsen da aka gasa ya kumbura, da dutsen aman wuta mai cike da ramukan iska. Simintin ma ba shi kaɗai yake aiki ba, ana rage shi a maye gurbin wani kaso da tokar kwal ta tashoshin lantarki, ko garin kashin ƙarfe daga masana'antar narka ƙarfe, ko farar ƙasa da aka gasa. Ana barbaɗa gajerun zaruruwa na roba a cikin kwaɓin domin su riƙe bakin tsaga tun tana ƙarama. Ruwa kuma ana auna shi da sikeli, ba da ido ba, kuma idan kwaɓin ya yi tauri ba a ƙara masa ruwa, sai dai a ɗiga wani sinadari da ke sa shi laushi. A nan ne nake ganin masu gininmu suka fi yin asara, domin duk ruwan da aka ƙara don kwaɓi ya yi daɗin zubawa, daga ƙarfin ginin ake cire shi.

Rashin nauyi yana da farashinsa. Irin wannan kankare sau da yawa bai fi rabin ƙarfin kankaren gini ba, don haka kowace ƙungiya takan shafe watanni tana gwada kwaɓi iri-iri, tana zuba samfuri, tana murƙushe shi a injin gwaji, har ta sami wanda ya yi sauƙin da ake so ba tare da ya yi raunin da zai ba da kunya ba. Ga misalin abin da ake nema: bango mai faɗin murabba'in mita 6 da kaurin santimita 1.3 yana cin kankare wajen lita 78. Da kankaren gini, nauyin zai haura kilo 180. Da kwaɓin da litarsa take kilo 0.9, zai tsaya a wajen kilo 70. Wannan bambanci a hannun matuƙa yake fitowa ranar tsere.

A wurin rodi ana shimfiɗa raga ta zaren kabon ko zaren gilashi ko zaren dutse, wadda ba ta tsatsa kuma ba ta da kauri. Ana shafa kankare siriri, a shimfiɗa raga, a sake shafawa, a sake shimfiɗa wata, a rufe, kuma tilas ragar ta kasance mai manyan idanu domin shafen sama ya ratsa ya kama na ƙasa, in ba haka ba bangon zai ɓare gida biyu. Ƙungiyoyi da dama suna ƙara wayoyin ƙarfe a tsawon kwale-kwalen, su ɗaure su tamau, ta yadda wayoyin za su matse kankaren tun kafin wani nauyi ya hau kansa. Idan ja ya zo, sai ya fara cinye wannan matsi kafin ya kai ga tsaga kankaren. Dabarar da ake yi wa manyan katakon gada na kankare ke nan, aka ƙanƙanta ta.

Ana yin zubin ne a kan mazubi, wanda galibi ake sassaƙawa daga farin soso mai tauri, da hannu ko da injin da kwamfuta take sarrafawa. Wasu suna shafa kankaren a bayan mazubin, wasu a cikinsa, kuma kowace hanya tana ba da santsi a fuska ɗaya ta bar ɗayar ga samfefa. Ranar zubi ɗalibai da yawa ne suke taruwa su yi aikin da tafin hannu a zama ɗaya, saboda idan wani sashe ya fara kamawa kafin a haɗa shi da na kusa, wurin haɗin zai zama rauni na dindindin. Daga nan sai a rufe shi a cikin tanti mai laima, yawanci har kwana 28. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, siminti ne yake haɗuwa da ruwa a hankali, kuma idan ruwan ya gudu da wuri aikin ya tsaya. Kai da kake ba dakin ruwa safe da yamma a lokacin hunturu ka san haka. Sai ka ƙiyasta yadda abin zai kasance ga bangon da bai fi kaurin yatsa ba.

Tambaya: Wane ne ya fara wannan abu, kuma yaushe? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Jirgin ruwa na siminti ya girmi gasar da fiye da shekara 100, har ma ana iya cewa yana cikin abubuwan farko da aka fara yi da siminti mai ƙarfe a ciki. Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland a Ingila a 1824. A 1848 wani Bafaranshe mai suna Joseph-Louis Lambot ya saƙa ragar waya, ya shafe ta da siminti, ya yi ƙaramin jirgi a gonarsa da ke kudancin Faransa, ya kuma nuna irinsa a babban baje kolin Faris na 1855. Ɗaya daga cikin jiragensa yana ajiye a gidan tarihi na garin Brignoles. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ƙarfe ya yi ƙaranci, sai aka koma ga kankare don manyan jirage: a Norwe Nicolay Fougner ya ƙaddamar da Namsenfjord a 1917, a Kalifoniya kuma aka ƙaddamar da Faith a 1918. An sake yin haka a Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka ƙera jirage 24 a Tampa ta jihar Fulorida. Da ƙarfe ya wadata sai aka watsar da su saboda nauyinsu yana cin mai yana rage kaya, aka mayar da wasu shingen tare igiyar ruwa a bakin teku.

Ita gasar ɗalibai ta samo asali ne daga Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign, inda Farfesa Clyde Kesler ya sa ɗalibansa su ƙera kwale-kwalen kankare a 1970. Da ɗaliban Jami'ar Purdue suka ji labari sai suka ƙera nasu suka nemi a kara, aka yi tseren a watan Mayun 1971 a wani tafki da ke gandun Kickapoo a jihar Illinois. Kwale-kwalen Illinois ya haura kilo 160, na Purdue kuwa bai kai rabin haka ba, amma Illinois ce ta yi nasara, abin da ke nuna tun daga ranar farko cewa rashin nauyi kaɗai ba ya cin tsere idan babu gwanintar tuƙi. Daga nan abin ya bazu a jami'o'i, har Ƙungiyar Injiniyoyin Gine-gine ta Amurka, wato ASCE, ta shirya gasar ƙasa ta farko a 1988 a Jami'ar Jihar Michigan, wadda Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta lashe. Jami'ar Wisconsin da ke Madison ta riƙe kambun shekara 5 a jere daga 2003 zuwa 2007, jami'ar Cal Poly ta San Luis Obispo ta lashe daga 2010 zuwa 2012 da wasu shekarun bayan nan, wata makarantar injiniya ta Montreal a Kanada mai suna ÉTS kuma ta ƙwace kofin a 2013 da 2016. Jamus tana da tata gasar tun 1986, wadda ake yi duk bayan shekara 2, kuma a can akwai rukunin da ake barin ɗalibai su ƙera kowace irin siffa suka ga dama, muddin da kankare aka yi ta kuma ta tsaya a kan ruwa.

Tambaya: Malam, ina aji uku a sashen injiniyan gine-gine a Zariya. Ni ban ga amfanin abin ba. Babu mai sayen kwale-kwalen kankare, kuma wanda ya fi ƙarfin damtse shi zai ci tsere. Ina ilimin yake?

Amsa: Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce: babu kamfanin da yake jiran ya sayi waɗannan kwale-kwale, kuma masu shirya gasar ma ba su taɓa cewa akwai ba. Amma damtse ba ya cin gasar. A tsarin da aka daɗe ana bi a Amurka a shekarun baya, maki kashi 4 ne daidai wa daida, kowanne 25 cikin 100: rahoton fasaha da aka rubuta, da bayanin baka a gaban alƙalai tare da amsa tambayoyinsu, da ingancin kwale-kwalen kansa yadda aka gama shi, sannan tsere. Ƙungiya tana iya cin kowane tsere ta koma gida ba kofi idan rahotonta ya yi rauni ko ta kasa kare lissafinta a gaban injiniyoyin da suka shekara suna aikin. A 'yan shekarun nan ma ana rubuta dokokin ne a siffar takardar neman 'yan kwangila, ɗalibai kuma su amsa kamar kamfanin da ke neman aiki, da jadawalin lokaci da ƙiyasin kuɗi da tsarin kiyaye lafiyar ma'aikata.

Shi kansa tseren jarrabawar zane ce kafin ya zama ta ƙarfi. Akwai tseren gudu kai tsaye, akwai na zagaye alamomin da aka jera a kan ruwa, akwai na maza, da na mata, da na haɗaka mai matuƙa 4. Kwale-kwale dogo siriri yana da gudu, amma yana da wuyar juyawa kuma yana da saurin kifewa. Gajere mai faɗi yana juyawa cikin sauƙi, ya zauna daram, amma ya bar matuƙansa a baya. An daɗe ana iyakance tsawon a ƙafa 22, kuma a cikin wannan iyaka kowace ƙungiya sai ta yanke shawarar abin da za ta sadaukar. Ana kuma sauya dokokin kwaɓi kusan kowace shekara, a hana wani sinadari ko a wajabta wani, musamman don kada sababbin ɗalibai su kwafe aikin magabatansu su miƙa.

A ganina rashin dacewar kankare da wannan aiki shi ne ainihin amfanin gasar. Idan an ce ka zana ginshiƙi, akwai littafin ƙa'ida da zai gaya maka girman rodi da tazararsa, kana iya cin jarrabawa ba tare da ka fahimci dalili ba. Babu littafin da ya tanadi bango mai kaurin rabin inci da mutum 4 za su durƙusa a kai a tsakiyar tafki, don haka dole ka koma tushe, ka yi lissafi, ka gwada, samfurinka ya fashe, ka gano dalili. Sannan wanda ya yi lissafin yakan kasance cikin waɗanda za su shiga kwale-kwalen a gaban jama'a. Ƙasar da take fama da rushewar gine-gine kamar tamu ta san bambancin injiniyan da ya haddace ƙa'ida da wanda ya taɓa ganin kankarensa ya tsage a hannunsa.

Tambaya: Wata mai karatu daga Kumasi tana tambaya ko fenti ne ake shafa musu, ganin yadda suke da launi da sheƙi.

Amsa: Hajiya, a gasar Amurka an taƙaita abin da za a shafa a kan kankaren ƙwarai, domin alƙalai suna son ganin aikin hannu ba abin da ya rufe shi ba. Launin yakan fito ne daga garin rini da aka zuba a cikin kwaɓin, shi ya sa ake yawan amfani da farin siminti, zanen kuma da kankare mai wani launi ake cike shi. Sheƙin kuwa na gugar samfefa ne na makonni, sai ɗan abin toshe ƙofofin ruwa marar launi da ake shafawa a ƙarshe.

Tambaya: Injiniya, ni dattijo ne a Yawuri, na tashi a bakin ruwa. Katakon jirgi ya yi tsada, manyan itatuwa sun ƙare, ga haɗarin jirgi yana cin rayukanmu. Shin wannan fasaha za ta iya maye mana jiragen katako?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, ya kuma jiƙan waɗanda suka rasu, irin waɗanda haɗarin kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ya rutsa da su a watan Mayun 2021. Amsar a gajarce ita ce kwale-kwalen gasa ba zai yi wannan aiki ba. An ƙera shi ne don ya yi tsere na 'yan mintuna a ruwa mai kwanciya, ana ɗaukarsa da hannu bibbiyu ana ajiye shi a kan soso. Ba zai jure a ja shi a kan tsakuwar gaɓa kullum ba, balle a loda masa buhunan hatsi da babura ranar kasuwa, kuma ƙwayoyin gilashi da ragar kabon da ake yin sa da su sai an yi odarsu daga waje da tsada.

Abin da ya fi kusa da bukatarku shi ne tsohuwar hanyar Lambot, wato ragar waya ninki-ninki a kan ƙananan rodi, a shafe ta da kwaɓin siminti da yashi mai kyau. Wannan an jarraba shi sosai. Injiniyan Italiya Pier Luigi Nervi ya ƙera jirage da shi a shekarun 1940, ƙasar Sin ta yi amfani da irinsu masu yawa a koguna da magudanan ruwanta, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta koyar da ƙera jiragen kamun kifi da shi a ƙasashe masu tasowa. Ba ya ruɓewa, ƙwari ba sa cinsa, wuta ba ta kama shi, kuma idan ya fashe a wuri guda ana iya sassaƙe wurin a sake shafewa. Kayansa ma ba baƙi ba ne a wajenmu, tunda ga masana'antar siminti a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka da Obajana, ga ta Malbaza a Nijar.

Sai dai yana da aibu guda biyu da ya kamata a faɗa tun da wuri. Na farko nauyi: ba a iya rage kaurin bangon ƙasa da wani mizani, saboda haka a ƙaramin jirgi nauyin yakan yi yawa ƙwarai idan an kwatanta da katako, kuma sai tsawo ya kai wajen mita 10 zuwa sama yake fara yin daidai. Masunci mai tuƙi da filafili shi kaɗai ba zai so shi ba. Na biyu, ingancinsa gaba ɗaya yana hannun mai shafe. Idan aka bar rami a cikin bangon, ko siminti bai rufe wayar da kyau ba, ruwa zai kai gare ta, ta yi tsatsa a ɓoye, ta kumbura ta fasa shafen, kuma mai jirgi ba zai gani ba sai abin ya yi nisa. Jirgin katako yakan nuna tsufansa a fili, wannan kuwa yana iya ɓoye shi. Haka kuma duka mai tsini yana huda shi, kuma kun fi ni sanin kututturan itatuwan da suke kwance a ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka tare ruwan a 1968.

Ya kamata kuma a tuna cewa abubuwan da aka fi ambatawa a haɗurran jiragenmu su ne lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya, da jiragen da suka tsufa ba gyara, kuma sauya katako da siminti ba zai magance uku na farko ba. Darasin da za a iya ɗauka daga gasar yau yau, ba tare da an jira sabon jirgi ba, shi ne gwajin nan na cikawa da ruwa. Jirgin katako mai inji da kaya yana iya nutsewa idan ya sha ruwa, amma idan aka ɗaure soso mai tauri ko jarkokin da aka toshe bakinsu a ƙarƙashin kujeru da goshi da baya, kowace jarka mai lita 25 tana ba da ɗaukar kusan kilo 25, kuma jirgin da ya cika da ruwa bai nutse ba yana ba fasinja abin riƙewa har taimako ya iso. Lissafin yawan jarkokin da jirgi mai tsawo kaza da inji kaza yake bukata aiki ne da ɗaliban injiniya na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha za su iya yi tare da maƙeran jirage na Yawuri, su gwada shi a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa kafin a ɗora masa fasinja.